Tarihin Sa Ido kan Rana daga Sararin Samaniya a Lokacin Lafawarta

Lafawar rana ita ce shekarun da baƙaƙen tabon da ke fitowa a fuskar rana suke raguwa, har a yi makonni ba a ga ko ɗaya ba. Tana zagayowa kusan duk shekara 11. Tabon nan wurare ne da maganaɗisun rana ya cunkushe ya hana zafi tasowa, shi ya sa suke duhu. Daga kewayensu ne tartsatsin wuta da guguwar rana ke tashi.

Kafin taurarin ɗan'adam

Tun wajen 1610 masana irin su Galileo suka fara ganin tabon da na'urar hangen nesa. A 1843 Bajamushe Heinrich Schwabe, bayan shekaru yana ƙirga su, ya nuna cewa yawansu na hawa da sauka bisa tsari. Tsofaffin bayanai kuma sun nuna cewa daga 1645 zuwa 1715 tabon sun kusa ɓacewa ɗungurungum.

Sai dai mai kallo daga ƙasa yana da cikas. Iskar da ta lulluɓe duniya tana tare wasu nau'o'in hasken rana, kuma korona, wato siririn hasken da ya kewaye ranar, ba ta bayyana sosai sai an yi husufi cikakke. A 1930 Bafaranshe Bernard Lyot ya ƙera na'urar da ke rufe ƙwayar rana da ɗan faifai domin a ga gefenta, husufin da mutum ya haɗa da hannunsa ke nan.

Zamanin kallo daga sama

Amurka ta harba tauraron ɗan'adam OSO-1 a Maris 1962. A Disamba 1971 OSO-7 ya ɗauki hoton farko na rana tana amayar da curin iskar gas mai zafi zuwa sarari. Tashar Skylab, a 1973 da 1974, ta nuna ramukan korona, inda iskar rana mai gudu take kwararowa.

Babban sauyi ya zo da SOHO, haɗin gwiwar hukumar ESA ta Turai da NASA, wanda aka harba ranar 2 ga Disamba 1995. An ajiye shi kimanin kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta ɓangaren rana, inda dare ba ya yi masa. Ya fara aiki daidai da lafawar 1996, don haka ya samu ranar a kwance, ya bi ta har ta kai ganiyarta. A Yunin 1998 an daina jin ɗuriyarsa, amma injiniyoyi suka farfaɗo da shi cikin 'yan watanni.

Husufin 2006 a ƙasar Hausa

Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, inuwar wata ta ratsa Gusau da Katsina, ta shiga jihar Maraɗi, inda Tasawa da Mayahi da El Allassane Maïreyrey suke, ta nausa Damagaram da hamada. Inda husufin ya cika, gari ya yi duhu na 'yan mintoci, korona ta fito fara sol. Da yake lafawa ta gabato, hasken ya miƙe ta gefe biyu na ƙugun ranar, ga kuma siraran zaruruwa a samanta da ƙasanta. Wannan siffa ce ta rana mai lafawa. Faifan rufe rana da ke jikin SOHO yana ɓoye sashen korona mafi kusa da rana, don haka masana suka haɗa hotunansa da waɗanda aka ɗauka a ƙasa ranar husufin, suka samu cikakkiyar sura.

Lafawar 2008 da ta 2019

Lafawar da ta kai ƙarshen ƙasa a Disamba 2008 ta fi duk na kusan ƙarni guda zurfi: a 2008 kaɗai an yi fiye da kwana 260 babu tabo. SOHO da Hinode na Japan da tagwayen STEREO, waɗanda aka harba a 2006, sun auna abin da ya biyo baya. Iskar rana ta yi rauni, ƙwayoyin da ke zuwa daga nesa cikin sarari suka ƙaru, saman iskar duniya ya tsuke. SDO, da aka harba a Fabrairun 2010, da Parker na 2018, suna cikin waɗanda suka shaida lafawar Disamba 2019.

Muhimmancinta

Kamar yadda manomi ke gyaran gona tun da rani, masana a lokacin lafawa suke shirin shekarun guguwa. Ƙarfin maganaɗisun da ke saman rana da ƙasanta a wannan lokaci shi ne ma'auni mafi inganci na hasashen ƙarfin zagaye mai zuwa. Hasashen yana da amfani, domin guguwar rana ta taɓa kashe wutar lantarkin lardin Kwibek na Kanada a Maris 1989, tana kuma dagula GPS da rediyo mai gajeren zango. Ko lokacin lafawa ramukan korona ba sa daina turo iska mai girgiza maganaɗisun duniya, shi ya sa ba a ɗauke ido daga rana ko da fuskarta ta yi fes.