Wa Ke Da Ikon Karɓar Faci? Tarihin Bitar Gyare-gyare a Manhajar Linux

Lokacin da Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya fitar da Linux a 1991, hanyar ba da gudummawa ɗaya ce: mutum ya rubuta faci, wato ɗan gyara a rubutun manhajar, ya aika ta imel, Torvalds ya karanta, ya karɓa ko ya yi shiru. Kafin shekara 10 aikin ya fi ƙarfin idon mutum ɗaya. Faci ya riƙa salwanta, masu aikowa na guna-guni.

A 2002 Torvalds ya rungumi BitKeeper, manhajar kamfanin Larry McVoy, wadda tushenta a rufe yake. Abin ya yi wa mutane da dama ciwo: ta yaya aikin da ke taƙama da 'yanci zai jingina da kayan wani? A Afrilun 2005 kamfanin ya janye izinin amfani kyauta, bayan Andrew Tridgell ya binciko yadda manhajar ke aiki. Cikin makonni kaɗan Torvalds ya rubuta Git, sannan ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano a watan Yuli.

Sai dai sauyin da ya fi tasiri ya riga Git zuwa. Ƙarar da kamfanin SCO ya shigar da IBM a 2003, yana iƙirarin an cusa rubutunsa cikin Linux, ta tilasta wa masu aikin nuna asalin kowane layi. Daga 2004 duk faci sai da sa hannun marubucinsa, kuma kowane mai kula da sashe da facin ya bi ta hannunsa ya ƙara nasa. Wanda ya san ilimin isnadi ba zai ga baƙon abu a nan ba: ana auna magana da mutanen da suka ɗauko ta. Da haka tsanin ya fito fili: daga mai aiko da gyara zuwa mai bita, daga nan zuwa mai kula da sashe.

GitHub, da aka buɗe a 2008, ya sauƙaƙa matakin farko ƙwarai, har baƙo na iya miƙa gyara da ɗan latsawa. Linux kuwa ya tsaya kan imel. Amma sauƙin shiga bai ƙara yawan masu bita ba. A Maris 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya gano ɓoyayyiyar ƙofa a xz, manhajar matse bayanai da tsare-tsaren Linux da yawa ke dogaro da ita. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe fiye da shekara 2 yana hawa tsanin mataki-mataki, har mai kula da manhajar, wanda aiki ya yi wa yawa shi kaɗai, ya ba shi ikon fitar da sabon zubi.