Daga Kano zuwa Jidda: Yadda Tafiyar Shekaru ta Koma ta Sa'o'i

Tsakanin Kano da Jidda akwai tazarar kusan kilomita 3,400 idan aka auna ta gajeriyar hanya, wato miƙaƙƙen layin da ya haɗa biranen biyu a kan doron ƙasa, wanda ya ratsa Chadi da Sudan kafin ya tsallake Bahar Maliya. Wannan tazara ba ta taɓa sauyawa ba, amma lokacin da ake ɗauka wajen cin ta ya sauya ƙwarai, gwargwadon abin hawa da kuma zaman lafiyar ƙasashen da ke kan hanya.

Har zuwa farkon ƙarni na 20, maniyyacin da ya bar ƙasar Hausa a ƙafa ko a kan jaki yakan bi ta Borno da Wadai da Darfur har ya kai Sawakin, inda zai shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, kuma da yake guzuri kan ƙare tun ba a yi nisa ba, sai ya yada zango ya yi ƙwadago, ya tara abin da zai kai shi gaba. Shi ya sa tafiyar kan ci shekaru, wasu su rasu a hanya, wasu kuma su zauna a Sudan dungurungum, musamman bayan buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, inda zuriyarsu take har yau.

Abin lura shi ne jiragen sama na farko wannan tsohuwar hanya suka bi, domin ba su da tankin man da zai kai su nesa, dole sai sun riƙa sauka a garuruwan da ayari ya saba tsayawa. A Nuwamba 1925 jirage uku na sojojin saman Birtaniya, waɗanda suka taso daga Masar ta Sudan da Chadi, suka sauka a Kano bayan kusan mako guda suna hanya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano ta Alfashir da Maiduguri, sannan Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka inganta filayen saukar, saboda ta nan ake kai jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Masar.

Attajiran Kano ne suka fara juya wannan dama zuwa hidimar alhazai, domin a 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar mahajjata ta Afirka ta Yamma, wadda ta fara da motoci kafin ta koma shatar jirage. Daga baya Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa hukumar jin daɗin alhazai, kuma bayan zuwan jiragen jet, masu gudun kimanin kilomita 850 a awa, zangon hanya ya zama tarihi, tafiyar ta dawo awa huɗu da rabi zuwa biyar idan aka haɗa da lokacin tashi da sauka. Agogon Jidda yana gaban na Kano da awa biyu, abin da kan sa wanda ya duba tikiti ya zaci tafiyar zuwa ta fi ta dawowa tsawo nesa ba kusa ba.

Duk da haka gajeriyar hanya ba kullum take buɗe ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jiragen alhazan Najeriya suka koma yin zagaye, lokacin tafiya ya ƙaru, man da ake ƙonawa ya ƙaru, kamfanonin jigila kuma suka nemi ƙarin kuɗin kujera a aikin hajjin waccan shekarar.