Kwana Wajen Uwa, Wuni Wajen Uba: Tarihin Riƙon Yara Bayan Mutuwar Aure a Ƙasar Haɗeja

Duk wanda ya zauna a ajin firamare a ƙasar Hausa ya ji labarin Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne zangon da ya yi kafin ya isa Daura. Labarin ya ce da ya baro Borno, tare yake da matarsa Magira, 'yar Mai na Borno, tana da juna biyu. A Garun Gabas, wanda yau yake cikin ƙaramar hukumar Malam Madori, ya bar ta, shi kuma ya nausa yamma. Nan ta haifi Biram, wanda sunansa ya shiga jerin Hausa Bakwai. Masana suna ɗaukar wannan a matsayin tarihihi, amma ko a haka akwai abin lura: labarin asalinmu ya soma ne da yaron da ya tashi a hannun uwa, ana kuma danganta shi da uban da ya yi gaba.

Har yau ba mu gama da wannan batu ba. Idan aure ya mutu a Malam Madori ko Kaugama ko Auyo, kafin a gama kwashe kayan ɗaki za ka ji wani dattijo ya ce, “Ai ɗa na ubansa ne.” Da yawanmu mun tashi muna zaton addini ne ya faɗi haka. A wayoyinmu kuma muna cin karo da muhawarar Turawa kan raba riƙon yara daidai wa daida tsakanin uwa da uba, sai mu ɗauka baƙon abu ne. Tarihinmu ya nuna hukunci biyu ne suka daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a ƙasar nan: na littafi da na gida.

Abin da littafi ya ce

Tun da Sarki Sambo ya kafa mulkinsa a Haɗeja wajen 1808, masarautar ta bi tsarin Sakkwato na alƙalai masu hukunci da mazhabar Imamu Malik. Littattafan da ke gabansu su ne waɗanda har gobe ake karantawa a zaurukan malamanmu: Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Shehu Halil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. Dukkansu sun yi magana a kan hadana, wato haƙƙin raino.

Hukuncin a fili yake. Idan aka rabu, uwa ce ke da haƙƙin raino: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Cikin mazhabobi huɗu, ta Malik ce ta fi tsawaita wa uwa wannan wa'adi. Idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba, haƙƙin yana komawa ga mahaifiyarta, sannan 'yan'uwanta mata. Sai an wuce su ake zuwa ga kakar yaro ta wajen uba, sannan uban da kansa. Ko layin ya zo kansa, da sharaɗin yana da macen da za ta kula da yaron. In kuwa uwa ta yi aure, mai haƙƙin karɓa ya sani ya yi shiru har shekara guda, yaro ya zauna ke nan wajen uwarsa.

Tushen wannan yana cikin Muwaɗɗa. Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya wadda ta haifa masa Asim. Wata rana ya tarar da yaron yana wasa a Ƙuba, ya ɗauke shi ya ɗora bisa dabbarsa. Kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, aka kai magana gaban Halifa Abubakar, shi kuma ya ce a bar mata jikanta. Umar bai yi musu ba.

To ina matsayin uba? Ci da sha da sutura da magani duk a wuyansa suke, ko da yaron ba ya kwana a gidansa. Shi ne waliyyi, shi ke aurar da 'yarsa, shi ke kula da dukiyar yaro. Mudawwana ta Sahnun ta zayyana yadda ranar yaro take: uba ya duba shi da rana, ya tarbiyyantar da shi, ya tura shi makaranta, da dare kuma ya koma wajen uwarsa. Ashe malamanmu sun daɗe da raba riƙo tsakanin iyaye biyu. Da aiki suka raba shi: kwana da raino na uwa, ciyarwa da ilimi da walicci na uba, kuma babu wanda aka ba ikon ya hana yaro ganin ɗayan.

Abin da gida ya yi

A aikace, al'ada ta fi littafi yawan mabiya. Abin da muka gada shi ne, mai goyo ta tafi da jaririnta, in an yaye shi wajen shekara biyu a mayar wa ubansa. Manyan kuwa tun ranar sakin ake barinsu.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Arzikin manomi a fadamun kogin Haɗeja hannuwa ne: masu noman gero da dawa a tudu, masu dashen shinkafa a fadama, masu su idan ruwa ya janye. Tsarin gandu ya haɗa uba da 'ya'yansa maza a gona ɗaya da rumbu ɗaya, saboda haka fitar yaro daga gida raguwar ƙarfin gandu ce. Bazawara kuma ba ta daɗewa a gidan iyayenta. Tana gama idda manema sun fito, kuma ba kowane sabon miji ne ke son agola ba. Ga kunya: macen da ta kai ƙarar uban 'ya'yanta gaban alƙali, ita za a riƙa nunawa da baki. Sannan fiƙihu ya yarda mai neman kul'i ta sarayar da haƙƙin rainonta don ta fanshi kanta, muddin hakan ba zai cutar da yaro ba, kuma wadda ta ƙosa da aure takan sayi 'yancinta da wannan tsada.

Sai dai al'adar tana da nata matashin kai. “Gidan uba” a wancan zamani babban gida ne mai sassa, akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matan baffanni. Yaron da uwarsa ta fita yakan faɗa ɗakin kakarsa, ko a ba wata gwaggo da ba ta samu haihuwa ba. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, amma ta raini 'ya'yan riƙo har ta aurar. Daga labarinta ana ganin yadda yara ke zagayawa tsakanin dangi ba tare da an ɗauka an yasar da su ba. Kuma igiyar uwa ba ta tsinkewa: ko tana wani gidan, ita ke fafutukar kayan ɗakin 'yarta, kuma ɗan da ya kawo ƙarfi yakan ɗauko tsohuwarsa ya gina mata ɗaki. Ba a raba hanta da jini.

Turawa, jirgi da gyaɗa

Ranar 25 ga Afrilu, 1906, sojojin Ingila suka ci Haɗeja da yaƙi, Sarki Muhammadu Mai Shahada ya kwanta dama a fagen fama. Turawa sun taɓa abubuwa da yawa, amma aure da saki da riƙon yara sun bar su a hannun alƙalai. Ba su ma da abin koyar da mu a nan. A Ingila ta ƙarni na 19 uba ne ke da cikakken iko da 'ya'ya, sai da wata marubuciya, Caroline Norton, wadda mijinta ya raba ta da 'ya'yanta uku, ta yi ta gwagwarmaya kafin majalisa ta yi dokar 1839 da ta ba uwa damar neman riƙon yaran da ba su kai shekara 7 ba.

Abin da ya sauya gidajenmu ta hanyar dogo ya biyo. Wajen 1930 layin jirgin ƙasa daga Kano ya isa Nguru, Malam Madori ta zama tashar da ake loda gyaɗar ƙasar Haɗeja. Kuɗi ya shigo, saurayi ya ga zai iya noma tasa gyaɗar ya ware tukunyarsa, baƙi suka zo suka zauna nesa da danginsu. Jirgin ya kuma taɓo wata ƙa'ida ta Muhtasar: idan waliyyi zai yi ƙaura ta zama zuwa wuri mai nisan mil 72 a lissafin malamai, kuma hanya da garin suna da aminci, yana da ikon tafiya da yaro, haka ma uwa in ita ce ta yi irin wannan ƙaura, rainon ya fita hannunta. A zamanin jaki da raƙumi wannan tafiyar kwanaki ce. Da jirgi ya zo, ta zama ta wuni guda. Nguru ba ta kai wannan nisa daga Malam Madori ba, Kano kuwa ta zarce.

Daga baya gyaɗar ta tafi. Farin 1973 da cutar da ta afka mata a 1975 suka karya kasuwarta. Madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 suka sauya yadda ruwa ke malala a fadamu, magidanta da yawa suka koma dogaro da cin rani. Babban gida ya yi ta tsagewa. Maganar “ɗa na ubansa ne” ba ta sauya ba, amma gidan da take nufi ya sauya: yanzu sau da yawa ɗaki biyu ne, uban yana Legas ko Abuja, yaron yana hannun kishiyar uwa. Akwai matan uba masu tsoron Allah da suka riƙe amana fiye da zato. Akwai kuma yaran da daga nan aka ɗora musu farantin talla, ko aka miƙa su ga malamin da zai tafi gabas tun ba su iya wanke wa kansu riga ba.

Adabinmu ya ga ɗaya fuskar. A littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kwikwiyo Ne, na 1990, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara, ita ta koma sayar da abinci don ta ciyar da su. A nan uwa ta samu raino, uba ya zame daga ciyarwa. Kowace fuska ka duba, rabin hukuncin aka ɗauka aka bar rabi.

Dokokin zamaninmu

An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, ta kuma ƙaddamar da Shari'a a 2000. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa aure da saki da waliccin ƙananan yara cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Tarayya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, Jigawa kuma Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a dokarta ta kare yara a Disambar 2021. A maƙwabciyarmu Kano, a farkon 2009 Hajiya Altine Abdullahi ta shirya gangamin zawarawa, Hisba ta hana. A 2012 gwamnati ta soma auren zawarawa. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya fito da batun kundin dokar iyali, aka yi ta ka-ce-na-ce. Hankali ya fi karkata ga yadda bazawara za ta sake aure, alhali sabon auren ne ke tayar da tambayar inda yaranta za su kwana.

Wasu ƙasashen sun ci gaba da gyara. Maroko, wadda mazhabarmu ɗaya, ta sabunta dokar iyalinta a 2004: raino na uwa ne, sai uba, sai kaka ta wajen uwa, auren uwa ba ya ƙwace mata yaron da bai wuce shekara 7 ba, mai shekara 15 kuma shi zai zaɓa. A Amurka, jihar Kentucky ta yi doka a 2018 cewa alƙali ya fara da ɗaukar raba lokaci daidai shi ne ya fi dacewa da yaro, sai in an kawo hujjar akasin haka.

Mako nan, mako can, zai yi wuya ga yaron da uwarsa ta yi aure a Gumel ubansa yana Malam Madori. Amma ruhin abin, wato kada mutuwar aure ta mayar da yaro maraya iyayensa na raye, yana nan cikin littattafan da ke jingine a zaurukanmu. Uwar da aka ƙwace wa yaro ranar yaye tana da haƙƙin da alƙali zai iya karɓo mata. Uban da dangin tsohuwar matarsa suka rufe wa ƙofa, ko suka cusa wa yaro ƙinsa, shi ma an zalunce shi, domin ganin ɗansa da tarbiyyarsa haƙƙinsa ne. Wanda kuma ya ce ba zai ciyar ba sai an ba shi yaron, ya haɗa abu biyu da malamai suka raba.

Ranar ɗaurin aure waliyyai kan zauna, a faɗi sadaki a gaban shaidu, kowa ya ji. Ranar rabuwa kuwa takarda ce mai layi biyu, a ba yaro ya kai. Da waɗannan waliyyan za su sake zama sau ɗaya, su tsayar da inda yaro zai kwana, da abin da uba zai riƙa aikowa duk wata, da wanda zai biya kuɗin makaranta, da gidan da za a yi ƙaramar salla da wanda za a yi babba, da ƙararraki da yawa ba su kai gaban alƙali ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle ɗan mutum.