Raunin Jiki da Raunin Zuciya: Nazari a kan Yadda Landan ke Jinyar Waɗanda Masifa ta Rutsa da Su

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda birnin Landan ya tsara jinyar raunuka iri biyu, na jiki da na zuciya. An yi bitar binciken da aka wallafa a kan harin 7 ga Yulin 2005, da gobarar Grenfell ta 2017, da gwajin magani na CRASH-2. Nazarin ya nuna cewa mai zubar da jini yana tsira ne idan an gaggauta kai shi asibitin da ya dace, amma wanda firgici ya kama ba kasafai yake kai kansa ba, sai an bi sawunsa. A ƙarshe an duba abin da ƙasar Hausa za ta iya ɗauka daga wannan tsari.

1.0 Gabatarwa

Da misalin ƙarfe 8:50 na safiyar Alhamis, 7 ga Yuli, 2005, bama-bamai uku suka tashi a jiragen ƙasa na ƙarƙashin Landan. Kusan awa guda bayan nan, na huɗu ya tarwatsa wata bas mai hawa biyu a dandalin Tavistock, daidai ƙofar hedikwatar ƙungiyar likitocin Birtaniya, har likitocin da ke ciki suka fito suka mayar da farfajiyar wurin jinya. Mutum 52 suka rasu ban da maharan huɗu, fiye da 700 suka jikkata. Asibitin Royal London da ke Whitechapel kaɗai ya karɓi kusan mutum 200 a ranar.

Waɗannan su ne raunukan da ido ya gani. Kimanin mako biyu bayan harin, James Rubin da abokan aikinsa na King's College suka tambayi mazauna birnin fiye da 1,000 ta tarho, suka samu kashi 31 cikin ɗari na fama da matsananciyar damuwa, kuma abin ya fi tsanani a tsakanin Musulmi. Bayan wata bakwai adadin ya sauko zuwa kashi 11. Galibi sun warware da kansu, wasu kuwa sun maƙale. Tambayar wannan maƙala ita ce: yaya ake gano waɗanda suka maƙale, kuma me ya bambanta jinyarsu da ta masu karaya da ƙuna?

2.0 Ire-iren rauni

Likitocin tiyata suna kasa raunin jiki bisa yadda ya auku. Akwai na bugu, kamar haɗarin mota ko faɗowa daga bene, inda fata kan kasance lafiya lau alhali saifa ko hanta ta fashe a ciki. Akwai na huda, wato sukar wuƙa ko harbin bindiga. Sai ƙuna da shaƙar hayaƙi. Bam yakan haɗa dukkansu a jikin mutum ɗaya. Duk da yadda labarin sukar wuƙa ke cika jaridun Landan, alƙaluman Ingila sun nuna cewa abin da ya fi jawo mummunan rauni a ƙasar shi ne faɗuwar tsofaffi daga ɗan tsayi kaɗan, sau da yawa a cikin gidajensu.

Raunin zuciya ma iri-iri ne. Wani daga masifa guda yake tasowa, kamar gobara ko fashi. Wani kuwa daga azabar da ta daɗe tana maimaituwa ba hanyar tsira, irin ta wanda aka tsare ana gana masa uƙuba ko yaron da ya tashi cikin cin zarafi. Akwai kuma wanda ke kama masu ceto, 'yan kwana-kwana da ma'aikatan jinya, saboda abin da idonsu ke gani kullum.

Landan ta daɗe da sanin wannan ciwo. Wani mazaunin birnin, Samuel Pepys, ya rubuta a kundinsa yadda mafarkin wuta ya riƙa hana shi barci watanni bayan babbar gobarar 1666. A 1866 likitan tiyata John Erichsen ya wallafa littafi a kan fasinjojin da suka tsira daga haɗarin jirgin ƙasa ba ko ƙwarzane amma suka kasa komawa daidai, ya ɗora laifin a kan girgizar laka. A 1915 Charles Myers ya bayyana a mujallar Lancet halin sojojin da suka dawo daga Faransa suna karkarwa, wasu gani ko ji ya ɗauke musu, kuma asibitin Maudsley ya fara aiki ne da jinyar irinsu kafin a buɗe shi ga farar hula a 1923. Sai a 1980 ciwon ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka da sunan PTSD.

3.0 Illolin rauni

Babban abin da ke kashe mai rauni a sa'o'in farko, wanda kuma ake iya hanawa, shi ne zubar jini. A 2003 Karim Brohi da abokan aikinsa na Royal London suka nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu mummunan rauni suna isowa asibiti jininsu ya riga ya daina daskarewa yadda ya kamata, kuma mutuwa ta fi yawa ƙwarai a cikinsu. A da an ɗauka ruwan da ake ƙara wa majinyaci ne kawai ke tsinka jinin. Binciken ya nuna raunin da kansa ne ke fara ɓarnar, tun a bakin titi.

Illar raunin zuciya a hankali take bayyana. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya taƙaita alamomin PTSD zuwa uku: abin da ya faru ya riƙa dawo wa mutum a farke ko a mafarki kamar yanzu yake faruwa; ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa; ya zauna a ɗarare, ƙarar rufe ƙofa ma ta zaburar da shi. Kundin ya ware nau'i mai sarƙaƙiya, wanda ke ƙara da kasa riƙe fushi ko baƙin ciki, da ganin kai ba a bakin komai ba, da kasa sakin jiki da mutane.

Anke Ehlers da David Clark sun ba da bayani a 2000 wanda ake aiki da shi har yau. A lokacin tsananin tsoro, ƙwaƙwalwa takan ajiye abin da ya faru a warwatse: wari, ƙara, walƙiya, ba tare da alamar cewa ya wuce ba. Shi ya sa warin ƙonanniyar roba zai iya mayar da mutum cikin jirgin da ya fita daga ciki shekara uku baya. Da ya guje wa tashar sai ya ji sauƙi, amma gudun ne ke hana ƙwaƙwalwar koyon cewa haɗarin ya ƙare.

4.0 Jinyar jiki: tseren mintuna

A 2007 wani rahoton ƙasa ya gano cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na masu mummunan rauni a Ingila ba su samu kulawar da ta kai mizani ba. Landan ta mayar da martani a 2010 da tsarin da ya ware manyan cibiyoyi huɗu: Royal London, St Mary's a Paddington, King's College a Camberwell, da St George's a Tooting. Motar ɗaukar marasa lafiya takan wuce ƙaramin asibiti na kusa ta nufi ɗaya daga cikinsu, inda ƙwararru ke jiran ko-ta-kwana dare da rana. Jirgi mai saukar ungulu na agajin gaggawa, wanda ya fara aiki a 1989, yakan kai likita wurin haɗarin, kuma tun 2012 yake tafiya da jinin ƙari. Bayan sauran Ingila ta bi sahu, binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna damar tsira ta ƙaru da kashi 19 cikin ɗari.

Ba duk nasarar ce mai tsada ba. Makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan ta jagoranci gwajin CRASH-2 a asibitoci 274 na ƙasashe 40, ciki har da Nijeriya, a kan majinyata 20,211. Sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna allurar tranexamic acid, tsohon magani mai araha da aka ƙirƙiro a Japan, ta rage mutuwa daga kashi 16 zuwa 14.5 cikin ɗari. Ƙarin nazari ya nuna sai an yi ta cikin awa uku take amfani. Bayan haka tana iya cutarwa.

5.0 Jinyar zuciya: bin sawu

A nan gaggawa ba ta biya. An daɗe ana tara waɗanda suka tsira washegari a sa su fayyace abin da suka gani a zama guda, sai gwaje-gwaje suka nuna hakan ba ya hana ciwon, wani lokaci ma ƙara shi yake. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a jagoranta na 2018, ta hana wannan, ta ce masu alamomi marasa tsanani a sa musu ido tsawon wata guda. Abin da ke kare mutum a makonnin farko shi ne jama'arsa: nazarin da Chris Brewin ya jagoranta a 2000 ya sanya rashin majingina cikin manyan abubuwan da ke sa ciwon ya zauna.

Bayan harin 2005, Brewin da hukumar lafiya ta NHS suka kafa shiri na shekara biyu. Maimakon jiran majinyata, suka nemi sunaye daga asibitoci da 'yan sanda da cibiyar tallafa wa waɗanda harin ya shafa, suka aika da tambayoyi goma masu amsar i ko a'a, waɗanda aka fara gwadawa a kan fasinjojin haɗarin jirgin Ladbroke Grove na 1999. Wanda ya amsa i ga shida ko fiye, sai a gayyace shi a duba shi sosai. Shirin ya taɓa mutum fiye da 900, aka yi wa fiye da 200 magani, kuma sauƙin ya ɗore bayan shekara guda. Kaɗan ne ƙwarai likitan unguwa ya turo. Dalilin a fili yake: ciwon da alamarsa ita ce gudun tunawa ba zai bar mai shi ya je ya ba da labari ba.

Maganin da ya fi inganci zama ne da ƙwararre sau 8 zuwa 12, inda majinyaci ke bin labarin daki-daki, yana gyara fassarar da ya yi masa, kamar zargin kansa da barin wani a baya, har ya iya komawa wurin da abin ya faru. Akwai kuma EMDR, inda yake tuna abin yana bin yatsan mai magani da ido. Ƙwayoyi irin su sertraline suna zuwa ne idan majinyacin ya fi son su.

Gobarar Grenfell ta 14 ga Yuni, 2017, ta ci rayuka 72 a bene mai hawa 24 a North Kensington. Cikin azumi ne, kuma wasu Musulmi da ba su kwanta ba saboda sahur suna cikin waɗanda suka ƙwanƙwasa wa maƙwabta ƙofa. Masallacin Al-Manaar da majami'un unguwar suka buɗe ƙofofinsu tun kafin gari ya waye sosai. Ma'aikatan NHS suka bi gida-gida da otal-otal inda aka tsugunar da mutane, amma sun tarar da jama'ar da ta yanke ƙauna daga hukuma, kuma mai kwana a ɗakin otal bai san makomarsa ba, da wuya hankalinsa ya kwanta har magani ya kama shi. Rahoton ƙarshe na kwamitin binciken gobarar bai fito ba sai 4 ga Satumba, 2024. Grenfell ta nuna cewa matsuguni da gaskiya da amana suna cikin sharuɗɗan warkewa.

6.0 Abin lura ga ƙasar Hausa

Kano ta ga harin babban masallacin Juma'a na 28 ga Nuwamba, 2014, Zamfara da Katsina kuma suna fama da garkuwa da mutane. Jirgi mai saukar ungulu ya fi ƙarfin yawancin jihohi, amma allurar tsayar da jini da tsarin sanin asibitin da za a nufa ba su fi ƙarfinsu ba. Dokar Nijeriya ta 2017 da ta wajabta jinyar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, mataki ne a wannan hanya.

Ta fuskar zuciya, al'adar jaje da zaman makoki tana ba da majinginar da bincike ya yaba, sai dai takan watse cikin kwanaki, tun kafin a gane wanda ya maƙale, shi kuma yakan yi shiru don kada a ce ya gaza tawakkali ko a ce iska ce. Likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo, wanda ya ƙware a Maudsley, ya nuna tun 1954 a Aro ta Abeokuta cewa ana iya jinyar ƙwaƙwalwa a cikin ƙauye, majinyaci na tare da danginsa, tare da haɗin kan masu maganin gargajiya.

7.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa raunin jiki yana buƙatar tsarin da ke aiki cikin mintuna, raunin zuciya kuwa tsarin da ke dawowa bayan wata guda ya tambaya. Don haka maƙalar tana ba da shawarar a riƙa ajiye sunayen duk waɗanda masifa ta shafa tun ranar farko, a samar da gajerun tambayoyin tantancewa da Hausa a gwada ingancinsu, a kuma horar da ma'aikatan asibitocin shan magani da limamai da masu unguwanni su gane alamomin. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri za su iya jagorantar gwajin, bisa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023.