Waƙoƙin da Kotu ta Haramta, Wayar Salula ta Raba

A watan Yunin 2009 wata kotun majistare a Kano ta haramta saurare da sayarwa da yaɗa waƙoƙi 11. Cikinsu akwai "Girgiza Kai" ta Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, da "Oyoyo" ta Adam A. Zango, da "Hasbunallahu" ta Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa ko Ala. Sai dai galibin waƙoƙin ba a kan tebur a kasuwa suke ba, balle a kwashe su. A cikin wayoyin jama'a suke, wannan ya tura wa wancan ta Bluetooth, a majalisa ko a rumfar mai cajin waya.

Rigimar da ta kai ga wannan haramci ta faro ne a 2007, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, aka kuma dakatar da ɗaukar fim na wata shida. A shekarar aka yanke wa Zango ɗaurin wata uku saboda faifan "Bahaushiya". Da ya fito sai ya koma Kaduna, inda ikon hukumar bai kai ba, kuma 'yan fim da dama sun bi wannan hanya da kyamarorinsu. Ala kuwa an kama shi a Yulin 2009, ya yi kwanaki a tsare.

Mayar wa hukuma martani da waƙa tsohon abu ne a Arewa. Su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun yi a zamanin jam'iyyar NEPU. Amma waƙar waya marainiya ce. Ba bango, ba kwanan wata, wani lokaci ko sunan mai ita babu. Nan ne fim ɗin Recording a Revolution, na Alex Johnson da Saman Piracha, ya yi amfani, domin ya nuna fuskar Ziriums, ya kuma bar shi ya yi bayanin takurar da bakinsa. Abin takaici, baƙi ne suka yi wannan aiki, a garin da ke da masu kyamara birjik. Masu kyamarar a lokacin ta kansu suke yi.

A 2010 Ziriums ya tafi New York, kuma ta intanet ya fitar da kundinsa, This Is Me. Ala ya ci gaba da zama a Kano, Rabo kuma ya bar kujerar hukumar a 2011 da aka sauya gwamnati.