Zancen Gurgusowar Hamada da Haƙƙin Mai Gona a Kudancin Kano

A cikin shekarar 1934 wani Baturen Ingila masanin daji, mai suna Stebbing, ya ratsa arewacin Nijeriya da rani. Da ya tarad da ƙasa a bushe, sai ya rubuta a 1935 cewa Hamadar Sahara tana gurgusowa kudu, kuma wai manoma da makiyaya ne suke jawo ta da sassabe da kiwo. Gwamnatocin Ingila da Faransa suka naɗa hukumar haɗin gwiwa, ta bi iyakar Nijeriya da Nijar daga 1936 zuwa 1937, ta ce ba ta ga alamar hamada tana tafiya ba.

Hausawa sun ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. To, amma wannan ta yi 'ya'ya, domin an ajiye rahoton hukumar, zancen Stebbing kuwa ya zauna cikin ofisoshi. Da irin wannan hujja aka riƙa keɓe gandun daji ta hannun En'e. Kudu da Rano da Kibiya an keɓe dajin Kogin Kano, watau Falgore ta yanzu. Bamaguje ko Musulmin manomi da ya gaji saura, da Bafillace da ya gaji makiyaya, duk suka zama masu laifi a idon malamin daji.

Da farin 1972 zuwa 1974 ya auku, sai tsohon zargi ya sake tashi. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar Tiga, kusa da Rano, ruwa ya cinye ƙauyuka da gonaki, aka tashi mutane. Daga bisani Dokar Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna. Wanda aka riga aka ce shi ke kashe ƙasa, ba a cika neman shawararsa ba in za a karɓe ta.

Bincike bai gaskata zargin ba. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya nuna cewa manoman kewayen Kano, duk da yawansu, suna kiyaye itatuwan gonakinsu, irin su gawo da ɗorawa da kuka. Nazarin Folland a 1986 da na Giannini a 2003 kuwa sun danganta farin da sauyin ɗumin ruwan teku, abin da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yake da hannu a ciki.

Lalle sare itace barkatai yana zaizaye ƙasa, kuma sauyin yanayi gaskiya ne. Amma kuskuren da aka ci gaba da yaɗawa bayan an ƙaryata shi ya tashi daga kuskure, ya zama zalunci. Saboda haka wajibi ne ma'aikacin da aka kawo masa takardar karɓe fili da sunan kare muhalli ya tambayi hujja, ya kuma saurari mai gonar, kafin ya sa hannu.