GUNGUME YA WUCE, GADO YA TSAYA A BAKIN IYAKA

Lokacin da muke haɗa kayan ɗakin ƙanwata, ni aka tura wurin kafinta. Da ya faɗa min kuɗin gado da sif da madubi sai da na riƙe baki. Na ce, "Haba malam, shi icen daga sama ake sauko da shi?" Ya yi dariya, ya juyo min bayan wani fallen katako, irin wanda suke kira filawud, ya ce, "Hajiya, duba hatimin nan, daga ƙetare ya zo." Na dawo gida abin yana cina. Yaya za a yi ƙasa mai daji ta riƙa sayen katako daga waje? Wannan ya sa na bi diddigin maganar, ga kuma abin da na samo.

'Yar'uwa, kin fi kowa sanin cewa mai sayar da ɗanyar gyaɗa ba ta kai mai matsar mai da tuya ƙuli-ƙuli samun riba ba. To haka abin yake a harkar itace. Gungume kuɗinsa kaɗan ne. In an tsaga shi ya zama katako ya ƙara daraja, in ya zama filawud ko ƙofa ko gado, nan ne kuɗin yake, nan ne kuma aikin yi yake. Manyan ƙasashe sun san haka sarai. Shi ya sa suka daɗe da wata dabara: gungume ya shigo ba haraji, katako a ɗora masa kaɗan, wanda aka sarrafa kuwa a lafta masa. Wato iya wahalarki iya kuɗin fiton da za a caje ki.

Ƙasar da ta fi ba ni mamaki a wannan tarihi ita ce Indonesiya. A 1967 gwamnatin Suharto ta buɗe wa kamfanoni dazukan ƙasar, musamman na Kalimantan da Sumatra. Cikin shekarun 1970 jiragen ruwa suka yi ta jigilar gungumen wani ice da ake kira meranti zuwa Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan. A can ake fere shi fale-fale, a manna, ya zama filawud, su sayar wa duniya. A lokacin Japan ba ta karɓar haraji a kan gungume, amma filawud na ƙasashen zafi harajinsa ya kai kashi 20 cikin 100. Kin ga ke nan mai daji shi ke shan rana, mai injin shi ke kwasar romo.

Da abin ya ishe su, a 1980 suka fara rage fitar da gungume, a 1985 suka hana baki ɗaya. Suka ce duk mai son icenmu, sai dai ya saya a sarrafe. Nan da nan masana'antun filawud suka haura 100 a ƙasar, dubban mutane, har da 'yanmata da yawa, suka sami aiki. Kafin ƙarshen shekarun 1980 babu ƙasar da ta kai Indonesiya fitar da irin wannan filawud. Masana'antu da dama a Japan da Koriya suka rufe don rashin gungume.

Da a nan labarin ya ƙare da sai mu yi guɗa. Amma ina! Aka danƙa harkar a hannun ƙungiya mai suna Apkindo a ƙarƙashin Bob Hasan, aminin shugaban ƙasa. Ita ke yanke wa kowa yawan abin da zai fitar, da farashi, da wanda zai sayar wa. Tunda ba a fitar da gungume, sai ya yi arha a cikin gida, aka shiga sara ba ji ba gani, ana ɓarna. Daji ya yi ta ƙarewa, kuɗi kuma suka taru a hannun 'yan tsiraru. Da tattalin arziki ya rushe, a 1998 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya gindaya sharaɗin a karɓe wannan iko daga hannun ƙungiyar. A shekarar Suharto ya sauka, a 2001 kuma kotu ta ɗaure Bob Hasan saboda almundahana. An tsallake katangar baƙi, an faɗa ramin 'yan gida.

Daga baya haraji ya yi ta raguwa, sai wata sabuwar katanga ta ɓullo, ta takarda. Amurka a 2008, da Tarayyar Turai a 2013, suka fara aiki da dokar hana shigo da icen da aka sara ba bisa ƙa'ida ba. Tsakani da Allah dokar tana da hujja, don an yi wa dazuka ta'asa. Sai dai bin ta da tsada. Babban kamfani yana da ma'aikata da kuɗin biyan masu bincike, amma masassaƙin garin Jepara, wanda suka gaji sassaƙa kujeru kaka da kakanni, ina ya ga wannan hali? Duk da haka Indonesiya ta daure, a 2016 ta zama ƙasa ta farko da Turai ta amince da takardar shaidarta.

Mu ma fa muna cikin labarin. Garin Sapele ya taɓa yin babbar masana'antar katako da filawud, har wani ice mai daraja ya ci sunan garin a kasuwannin duniya. Amma cikin shekarun 2010 me muka gani? Madobiya, wadda ake sassaƙa turmi da ita, aka yi ta sare ta a Taraba da wasu jihohi, ana loda ta a kwantena zuwa China, a can ta zama kujeru da gadajen masu hannu da shuni. Sai da ta kai a 2018 hukumar duniya mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke neman ƙarewa ta dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Ice ya tafi, aiki bai zo ba.

Da na koma biyan cikon kuɗi, na tarar da yara shida a shagon, wani na goga, wani na fenti, wani na buga ƙusa. Gado guda ne fa ya riƙe su. Na tuna motocin gungume da ke wucewa zuwa bakin teku, kowace da direba da yaron mota kawai. Tun daga ranar, 'yar'uwa, in na ga aikin kafintanmu mai kyau, ban ƙara yatsina fuska na ce "ai na gida ne" ba.